Gaisuwa a Ƙarƙashin Ruwa

A cikin ɗan littafin da nake tara kalmomi a shekarata ta uku a Riyad, akwai shafin da na zana hannu: babban yatsa da manuniya sun haɗu sun yi zobe, sauran ukun a miƙe. A gefensa na rubuta fassararsa da Hausa, lafiya lau. Daga baya na ja mata layi biyu na soke ta. Ban yage shafin ba, don in riƙa gani.

Lokacin ina karatun Larabci a jami'a, ina zaune a unguwar Malaz, a wani ɗaki saman shagon masu ɗinkin labule. Ba ni da yawan magana. In an taru ana hira, nakan zauna kusa da ƙofa, in an yi dariya in yi murmushi. Abin da na iya shi ne karatu, da bin kalma har sai na gano inda ta kwana. Saboda haka ne wani direba ɗan garinmu ya tuna da ni da aka ce ana neman tafinta. Kamfanin da yake yi wa tuƙi yana wanke tafkunan ninkaya da manyan tankunan ruwa, kuma suna so a koya wa ma'aikatansu biyu nutso da tukunyar iska, don a riƙa gyara tanki ba sai an zubar da ruwan cikinsa ba. Mutanen biyu Hausawan Nijar ne. Larabcinsu na wurin aiki ne, na karɓar umarni, bai kai na karatu ba.

Na ce masa ni ko iyo ban iya ba. Ya ce ai ba ruwa za a sa ni ba, bakina ake so.

Wurin koyon yana unguwar Badi'a, wani dogon gini mai rufin kwano, da tafki a ciki. Gefe ɗaya ruwan iyakarsa ƙirji, daga nan ya gangara, can ƙarshe ya zurma har launinsa ya yi duhu. Na daɗe ina mamakin a ce a garin da ba kogi ba teku ake koyon nutso. A waje rana na narka kwalta, a ciki mutane na rawar sanyi cikin rigar roba.

A nan na haɗu da ɗalibaina biyu, in har zan iya kiran su haka. Na farkon dattijo ne daga wajen Maraɗi, ya haura hamsin, siriri, hannuwansa kamar saiwar itace. Kowa Baba yake ce masa. A gida haƙa rijiya ce sana'arsa, shi ake kira in guga ya faɗa ko rijiya ta rufta. A Riyad kuwa aikinsa jan tiyo a rana, yana shayar da itatuwan bakin titi da kamfanin ya ɗauki kwangilarsu. Shekarunsa sun fara yi wa aikin nan yawa, kuma mudir, wato manajan kamfanin, ya gaya masa a fili: in ya samu takardar nutso za a mayar da shi ɓangaren tanki, cikin inuwa, a sabunta masa iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. In bai samu ba, sai abin da Allah ya yi. Na biyun ɗan Damagaram ne, mai kusan shekara arba'in, gajere mai ƙiba, bakinsa ba ya hutawa. Da aka miƙo masa faffaɗan takalman iyo ya juya su ya ce, “To Baba, mun bar gida muna mutane, za mu koma muna agwagi.”

“Kai dai da ma tafiyarka ta agwagwa ce,” in ji Baba.

Ni kuma Malam suke ce mini, abin da ke sa ni sunkuyar da kai, don a shekaru Baba ya haife ni.

Ranar farko babban mai koyarwa ya zo, wani mutum mai furfura a gemu, fatarsa ta ƙone da gishirin teku. Kyaftin ake ce masa. Ya yi mana jawabi, ya duba kayan, ya raba wani ɗan littafin ƙa'idoji, ya tafi. Aka ce ya kai wasu baƙi bakin teku, sai mako mai zuwa. Ya bar mu da wani saurayi Balarabe, sa'ana, mai fara'a da saurin hannu. Shi ma Kyaftin ake ce masa. A wurin nan duk wanda ya sa rigar roba ya rataya usur Kyaftin ne, don haka ban ga bambanci ba. Don kada magana ta rikice, mu a tsakaninmu muka riƙa ce masa ƙaramin Kyaftin.

Kafin a shiga ruwa akwai takardar lafiya da ake cikewa, tambayoyi ne a jere, kowace ana amsa ta da i ko a'a. Ƙaramin Kyaftin ya miƙo mini biro ya ce in yi sauri, duk wanda ya amsa i ko sau ɗaya sai ya kawo takardar likita, abin ya ja lokaci. Na karanta wa Baba ɗaya bayan ɗaya. Ciwon zuciya? Lafiya lau. Asma? Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ciwon kunne, ko mura da ta toshe hanci? Ya ɗan ja hanci ya ce lafiya lau. Na ji jan hancin. Na ce a raina sanyin na'urar sanyaya ɗaki ne, wa ke kwana a ɗakunan ma'aikata bai ja hanci ba? Na sa a'a da hannuna, da kyakkyawan rubutun nan nawa da malamai ke yabawa.

Sai aka zo kan alamomin hannu, tunda a ƙarƙashin ruwa ba baki. Babban yatsa sama, mu hau. Babban yatsa ƙasa, mu sauka. Tafin hannu a shimfiɗe ana karkaɗa shi, akwai matsala, sai ka nuna inda take. Sannan zoben nan na yatsu biyu. Ƙaramin Kyaftin ya ɗaga shi ya ce, “Tamam?” Ya ce in ya yi maka, dole ka mayar masa.

Na tsaya na ɗan yi tunani, don ba na son fassarar da ba ta zauna ba. Daidai? Ba komai? Duk suka yi mini rauni. Can kalmar ta faɗo mini, har na ji daɗi. Na ce, “Wannan ita ce lafiya. In ya yi muku, cewa yake lafiya? Ku kuma ku mayar masa, lafiya lau.”

Ɗan Damagaram ya tafa hannu. “Ashe har a ƙarƙashin ruwa ana gaisawa. Larabawan nan da ladabi suke.”

Muka yi dariya har da ni. Na buɗe littafina na rubuta.

Kwana biyu ana aiki a gefen da ba zurfi. Ba mu kaɗai ba ne, akwai wasu samari huɗu da suka zo koyo don sha'awa, duka shida a hannun ƙaramin Kyaftin shi ɗaya. Ya koya musu shaƙar iska ta bututun baki, da fitar da ruwa in ya shiga gilashin fuska, da dokar da ya fi maimaitawa: kada a riƙe numfashi. Wannan ta ba Baba wuya, don shi duk alfaharinsa a rijiya riƙe numfashi ne, amma ya koya. Ya kuma koya musu abin kunne. In mutum na sauka, ruwa yana danna kunne, sai ya toshe hanci da yatsu ya hura a hankali har ya ji kunnen ya buɗe. In ya ƙi buɗewa, a dakata, a karkaɗa hannu, a nuna kunnen. Duk na fassara wannan, kalma da kalma. Baba ya gyaɗa kai.

Rana ta uku suka gangara tsakiyar tafkin. Baba ya ce zurfin wurin zai kai gaba biyu, wato buɗin hannuwa sau biyu, shi da gaba yake auna komai. Ina zaune a bakin ruwan da littafina a cinya, ina kallonsu ta cikin ruwa, jikinsu na lanƙwashewa kamar hoto a madubin da ya lalace. Na ga Baba ya durƙusa a ƙasa. Na ga hannunsa ya tafi kunnen hagu ya tsaya a can. Ƙaramin Kyaftin yana can yana fama da wani saurayi da ɗamararsa ta kwance. Da ya gama ya juyo yana bin su ɗaya ɗaya da zoben yatsu. Ya zo kan Baba. Baba ya sauke hannu daga kunne, ya haɗa yatsu, ya mayar masa. Da ƙaramin Kyaftin ya wuce, hannun ya koma kunne.

Da suka fito, Baba ya cire gilashin fuskarsa ya yi saurin ɗauraye shi. Amma na riga na ga abin da ke ciki, ruwa ne mai ɗan ja.

A motar kamfani na zauna ta hagunsa. Na yi masa magana sau biyu bai ji ba, sai da ɗan Damagaram ya taɓa shi.

“Baba, yaya kunnen?”

“Lafiya lau, Malam.”

“Lafiya lau ɗin gidanku,” in ji ɗan Damagaram. “Malam, mako guda ke nan yana mura. Jiya da kaina na ɗiga mai man zaitun a kunne. Tsoho sai taurin kai kamar jaki.”

“Wa ya tambaye ka?”

Na yi ta juya maganar a bakina kafin ta fito. Na ce, “Baba, na ga hannunka a kunne. Me ya sa da ya tambaye ka ba ka karkaɗa hannu ba?”

Ya juyo da kunnen dama ya dube ni, kallon wanda ake tambayarsa abin da kowa ya sani.

“Yaron ga gaishe ni ya yi. Kai da bakinka ka ce lafiya yake tambaya. Ina da ƙafafuna, na ci na sha, ɗiyana na can gida ba wanda ya kwanta. Sai in ce mai ba lafiya? Saboda kunne guda? Wannan ai butulci ne ga Allah.”

Motar ta tsaya a danja, na zuba wa jar wutar ido.

Can ya sassauta murya. “Gobe za a je wuri mai zurfin, jibi a gama. Kwana biyu ne. Na shiga rijiyar da ta fi wannan sau nawa. Abin da ka gani ka bar shi a cikinka, Malam. Rana ta cinye ni a bakin titin nan. Takardar ga ita ce inuwata.”

Bayan la'asar na zauna a ɗakina na buɗe littafin ƙa'idojin da aka raba mana, wanda ina jin ni kaɗai na karanta. Wannan karon ban karanta shi don farautar kalmomi ba. A ciki aka ce mai mura kada ya nutsa, don hanyar da iska ke bi zuwa kunne a toshe take. Aka ce in aka matsa, dodon kunne na iya fashewa, ruwa ya shiga, jiri ya kama mutum har ya kasa sanin ina ne sama, kuma a irin wannan firgicin ne mutane ke yin sama a guje da numfashi a riƙe. Na tuna Baba, wanda ya shekara talatin yana riƙe numfashi a rijiya. Sannan a wani shafi na ci karo da abin da ban nema ba: wanda yake kan koyon koyarwa ba ya shiga ruwa da sababbin ɗalibai sai cikakken mai koyarwa yana tsaye a wurin.

Game da zoben yatsu kuwa, littafin bai kira shi gaisuwa ba ko sau ɗaya. Tambaya ya kira shi.

Na rufe littafin na daɗe ina tunanin kakata. Ranar da za ta rasu ina ɗan shekara goma sha biyu, mutane na shigowa suna cewa ya jiki, tana cewa da sauƙi. Har wanda ya shigo na ƙarshe da sauƙi ya ji. Ba ƙarya take ba. Mu a wurinmu ba a amsa gaisuwa da ƙorafi. Sai an gama ta tsaf, an zauna, an sha ruwa, sannan a ce, af, sai dai kunnen nan ne ya ɗan dame ni. Gaskiyarmu tana zuwa, amma a baya take tafiya, sai an share mata hanya. A ƙasan ruwa kuwa ba zama, ba shan ruwa, ba af. Tambaya ɗaya ce, amsa ɗaya. Ni da nake taƙama da bin kalma, na ɗauki tambayar da rai ya rataya a kanta na sa mata rigar gaisuwa, don kawai ta yi daɗin faɗa. Baba bai yi kuskure ba. Abin da na koya masa ya yi.

Amma sanin wannan bai sauƙaƙa mini komai ba. In na yi magana, na tona asirin dattijon da ya roƙe ni, na kuma janye masa inuwar da yake hange. In na yi shiru, gobe zai sauka gaba uku da wani abu da toshasshen kunne, a gaban mutum ɗaya mai ido biyu da ɗalibai shida. Na rubuta abin da zan faɗa da Larabci a bayan littafina, jimla uku, na gyara su sau huɗu. Haka nake yi in zan yi magana mai nauyi, in ba haka ba murya ta maƙale.

Da safe na riga su isa. Na tarar da ƙaramin Kyaftin yana jera tukwanen iska a bakin tafki. Kullum yana tsokanata cewa Larabcina irin na masu karanta labarai ne, ranar ma da na fara sai ya yi murmushi. Ban ɗaga kai ba. Na ce dattijon yana da mura, jiya ya fito da jini a gilashi. Na ce a'a ɗin da ke kan takardarsa ni na rubuta, kuma ba daidai ba ce. Na ce alamar tamam da yake mayar maka ba amsa ba ce, gaisuwa ce, ni na fassara masa haka.

Murmushin ya tafi. Ya ajiye tukunyar da ke hannunsa a hankali, ya zauna a kan benci.

Jimla ta huɗu ba ta cikin littafina, amma ta fito. Na ce, “Kai cikakken mai koyarwa ne?”

Ya ce saura masa wata biyu. Ya ce yana aiki a wurin ne a madadin horon da ake ba shi, kuma babban Kyaftin ne zai sa hannu a takardarsa, kamar yadda zai sa a ta ɗaliban da bai ga nutsonsu ba. Ya ce ranar da mutumin zai tafi ya dafa kafaɗarsa ya ce, za ka iya riƙe su?

“Me ka ce masa?”

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya ɗaga hannu ya haɗa yatsu biyu.

Bai yi gardama ba, wannan na shaide shi. Ya ɗauki waya ya fita waje. Ta cikin gilashin ƙofa na ga yana magana, yana saurare, yana shafa ƙeya. Da ya dawo ya ce yau ba mai shiga wuri mai zurfi, sai babban Kyaftin ya dawo. Baba kuwa ba zai taɓa ruwa ba sai likita ya gani.

Ni aka bar wa fassarar wannan ma. Baba na tsaye, ya riga ya sa ƙafa ɗaya a rigar roba. Na faɗa masa. Ya tambaye ni wa ya gaya wa yaron. Na ce ni ne. Bai yi faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya zare ƙafarsa daga rigar, ya ninke ta da kyau, ya ajiye a benci, ya ce, “Allah ya saka da alheri, Malam.” Na san irin wannan addu'ar.

Likita ya ce dodon kunnen bai fashe ba, amma ya kumbura, jini ya taru a bayansa. Ya hana shi ruwa makonni. Kamfani bai jira ba, suka turo wani a madadinsa. Da babban Kyaftin ya dawo ya tsaya da kansa a bakin aikin, ko kallona bai cika yi ba. Na ji daga baya an ɗage wa ƙaramin Kyaftin takardarsa zuwa wani lokaci. Kafin a sake shiga ruwa na roƙi minti biyu, na tara ɗan Damagaram da sabon mutumin. Na ce su manta da lafiya lau. Na ce wannan zoben ba gaisuwa ba ne, tambayar likita ce, irin wadda ake yi bayan an rufe ƙofa. In da abin da ke damun ka ka mayar da zobe, ka yi shaidar zur a kan ranka.

“To in mutum yana jin yunwa fa?” in ji ɗan Damagaram.

“Ka karkaɗa hannu ka nuna ciki.”

“Ai kuwa hannuna ba zai huta ba.”

Ɗan Damagaram ya samu takardarsa. Baba ya koma bakin titi da tiyo. Direban garinmu ya ce mini an sabunta masa iƙama na shekara guda, bayan nan ba wanda ya sani. Na so in je in gaishe shi a masaukinsu, na yi ta ɗagawa. Sau biyu ina cikin motar haya na hango wani siriri cikin rigar aiki yana shayar da itace, na kawar da kai tun kafin in tabbatar shi ne.

Sai bayan wata huɗu muka haɗu, wata Juma'a a unguwar Dira, bayan an sauko daga masallaci. Ina tsaye gaban wani shagon tsofaffin littattafai, sai ga shi da leda a hannu, ya sayi takalman yara ƙafa uku. Ba hanyar kaucewa. Na rusuna na gaishe shi. Ina wuni, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Ya aiki, da godiya. Ya mutanen gida, suna lafiya. Muka bi ta har ƙarshenta, ba mu tsallake ko ɗaya ba. Sannan muka tsaya, mutane na ratsa mu.

Na ce, “Baba, yaya kunnen?”

“Lafiya lau.”

Ya dube ni, ya ga ban motsa ba. Ya mayar da ledar hannun hagu.

“Wacce kake tambaya, Malam? Ta tudu ko ta ƙarƙashin ruwa?”

“Ta ƙarƙashin ruwa.”

Ya taɓa kunnen hagu, ya haɗa yatsu biyu ya yi zobe. Sannan ya shimfiɗa tafin hannunsa ya karkaɗa shi a hankali, ya ɗaga manuniya ya nuna rana. Daga nan ya ce in zo mu nemi inuwa, akwai mai shayi a bayan kasuwar, kuma ni zan saya.